Etaj a Kan Gangare: Abin da Tsofaffin Magina Sunka Sani

A Hausarmu akwai kalmomi huɗu da ke nuna ginin da ya ɗaga daga ƙasa, kuma kowace da shekarunta. Akwai soro, ɗakin laka mai rufin azara wanda ake hawa bisansa a sha iska ko a shanya hatsi. Akwai bene, ɗaki a kan ɗaki. Akwai hasumiya, wadda ta zo mana daga Larabcin Magariba, inda suke kiran wurin da ladan ke hawa sauma'a. Ta huɗu ita ce etaj, autarsu, da munka aro daga Faransanci tare da dal da birgi da shato. Yau in ka bi titunan Tawa, etaj kaɗai za ka ji a bakin samari. Mu da ke karatun harshe mun san cewa in kalma ta ture wata, ba ita kaɗai take tafiya ba, tana tafiya da sanin da ke rataye da ita. Wannan sanin nike so mu bi sawunsa, domin yanzu ne ake bukatarsa.

Ga misalin da kowa ya sani a Adar. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana bida a Abijan ko Libiya, Allah ya buɗa mai. Mahaifi ya rasu, anka raba gida a tsohuwar unguwa, ko Bilbis ko Fakawa, ƙauyukan nan biyu da sunka haɗu sunka zama birnin Tawa. Rabonsa bai wuce mita 12 a 15 ba, ga shi ƙasar ba ta kwanta ba, bakin ƙofa ya fi bayan gida tudu. Ba ya son ya sayar, nan anka binne cibiyarsa. Ba ya son ya koma sabon kare bayan gari, nesa da kasuwa da masallacin unguwa. Sai ya ce a yi mai hawa shida: shaguna a ƙasa, iyali a tsakiya, ƴan haya a sama. Tun bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017 idon mutane ya saba da manyan gine-gine, don haka ba wanda zai yi mai dariya. Tambayata ita ce: me tarihinmu ke ce wa mutumin ga kafin ya haƙa rami na fari?

A ƙauyukanmu na arewacin Adar, irin Afala inda na tashi, abin da ya fi kowane ɗaki tsawo shi ne rumbu. Ku dube shi da kyau in kun je hutu. Ba ya zaune a ƙasa, an ɗora shi bisa duwatsu don ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa, gara kuma ta rasa hanya. Bangonsa siriri ne, amma da yake kewayayye ne, nauyin ya bazu ko'ina daidai. Kansa na da hular ciyawa da ke jefa ruwan sama nesa da jikinsa. Ƙafa busasshiya, nauyi rarrabe, kai a rufe. Manomi bai je lakwal ya koyi wannan ba, damina ce ta koya mai, domin rumbun da ya jiƙe ya faɗi ya tafi da cimakar shekara.

Bayan rumbu sai hasumiya. Adar da Agadas dangi ne tun daɗewa: a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak, ya ci Adar da yaƙi, zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Adar daga baya, kamar yadda malam Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na tarihin Adar na 1975. Hasumiyar babban masallacin Agadas, da anka fara ginawa wajen 1515 anka sake ta a 1844, tana da tsawon mita 27, kuma da laka anka yi ta. Sirrinta a fili yake ga mai ido. Gindinta faffaɗa ne, tana tashi tana tsukewa, ta yadda kowane taku na sama ya fi na ƙasansa sauƙi. Itatuwan da ke leƙowa daga jikinta suna ɗaure ginin, kuma su ne matakalar masu yaɓe in lokacin gyara ya yi. Wato maginin ya tsara yadda za a gyara ta tun ranar da yake gina ta. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, amma gidajen da ke kewaye da hasumiyar ba su wuce hawa ɗaya ko biyu ba. Tsawo na Allah ne, mutane sunka zauna ƙasa-ƙasa.

Ba sai mun je Abzin ba. A Yama, kusa da Badagishiri, manomi kuma magini Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a a 1962. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora ƙubba, ya tada hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, aikin ya kai 1982. A 1986 anka ba masallacin kyautar Aga Khan ta zanen gini, wadda manyan masu digiri na duniya ke nema. Hasumiyoyin nan huɗu ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta, amma duka sun bi doka guda da ta Agadas: ƙasa mai kauri, sama mai sauƙi. Kuma ba a rana ɗaya sunka tashi ba. Shekara ashirin ginin na hawa a hankali, kowane ƙari sai wanda ke ƙasansa ya bushe ya ga damina.

To benen zama fa, wanda mutane ke kwana a ciki? Wannan sai mu leƙa Kano. Dutsen Dala na tsakiyar tsohon birni, unguwannin da ke gindinsa suna kan gangare, filayensu ƙanana, lungunansu matsattsu, kamar na mutuminmu. Bature matafiyi Barth, wanda ya ga Agadas a 1850, ya sauka Kano a 1851 a wajen Dala, inda fataken Larabawa, irin mutanen Gadamas, ke zaune cikin gidajen laka masu bene. Bene ɗaya, ba biyar ba. Abin da ya tsayar da su azara ce. Giginya da anka tsaga gara ba ta cinta, amma in ta wuce kusan mita biyu ba tallafi, sai ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin laka. Shi ya sa magina sunka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su faɗaɗa ɗaki, fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Sun iya faɗi, sun iya ƙubba, amma ba su ga dalilin tara ɗaki shida a kan juna ba, tunda cikin ganuwar Kano har gonaki akwai.

Waɗanda fili ya matsa wa da gaske su ne mutanen Shibam, a kwarin Hadaramautu na ƙasar Yaman. Garin na kan ɗan tudu, kewaye da gonakin dabino da ambaliya ke shayarwa. In sun faɗaɗa, sun ci gona ko sun shiga hanyar ruwa, don haka sai sunka tashi sama. Akwai gidaje kusan 500 na tubalin laka a can, masu hawa biyar, shida, bakwai, wasu ma sun fi, yawancinsu an gina su bayan ambaliyar da ta rushe garin a ƙarni na 16. UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 1982. Harsashinsu na dutse ne. Bangon ƙasa yana kai mita guda a kauri, yana sirancewa har sama. Hawan ƙasa na dabbobi ne da ajiya, kusan ba taga, maza na karɓar baƙi a hawan da ke biye, mata da yara a sama inda ido ba ya kaiwa. Rufi da saman bango an shafe su da farar ƙasa don ruwa ya zame. Ga darasi mai ɗaci kuma: da ruwan famfo ya shiga gidajen a zamanin nan ba tare da kyakkyawar magudana ba, yoyon da ke tsiyaya a gindin bango ya fara cin gidajen da sunka yi ɗaruruwan shekaru tsaye.

Shibam ta nuna cewa laka na iya hawa shida. Amma ku yi lissafi da ni. Filin mita 12 a 15 murabba'in mita 180 ne. In bangon ƙasa ya ci mita guda ta kowane gefe, saura 10 a 13, wato 130. Hamsin sun tafi a bango, tun ba a cire matakala ba. Ƙaramin fili ba ya yafe wa mai shi komai.

Yanzu mu zo ga gangaren kansa. Ruwan Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci na mako biyu ya sauka a dare ɗaya. A ƙasar tsauni da fako irin tamu ba ya nutsewa, gudu yake, ya zama korama. Iyayenmu mata na Keita sun san wannan da hannuwansu. A aikin farfaɗo da ƙasa da anka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, su ne sunka fi yawa wajen ɗaukar dutse, suna jera shi layi-layi a gicciye bisa gangare. Ba su tare ruwa gaba ɗaya ba, sun karya mai gudu ne, sunka bar mai ƙofa. Ginin da ke kan gangare haka yake so. Harsashi ya sauka mataki-mataki, kowane mataki ya zauna a kan ƙasar asali mai tauri. Kuskuren da ya fi kashe gini shi ne a yanko ƙasa daga tudu a cika kwari, a daddaɓe, a ɗora ginshiƙi bisa cikon. Cikon zai zauna bayan damina biyu ko uku, ƙasar asali ba za ta zauna ba, sai gida ya tsage a tsakiya. Bangon da ke riƙe ƙasar tudu kuma dole a bar mai ƴan ramuka a gindi da tsakuwa a bayansa, in ba haka ba ruwan da ya taru zai ture shi.

Kuma ruwan da ka kora daga gidanka ba ɓacewa yake ba, gidan na ƙasa da kai yake tafiya. A tsofaffin garuruwanmu akwai tsari da ba a rubuta a allo ba: ramin da anka ɗebi laka anka gina unguwa, shi ne kududdufi ko tabkin da ke shanye ruwan unguwar. Indararo na zuba a lungu, lungu ya kai wa tabki. In an cike tabki an yi kare, an shafe tsakar gida da siminti, ruwan da dā ke nutsewa sai ya bi lungu ya zauna a gindin katangar wanda ba shi da ƙarfi. A Satumba 2024, daminar da ta yi ɓarna ko'ina a Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Shekara guda kafin nan, ran 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar, anka yi asarar rayuka. In gine-ginen da sarakuna ke kula da su sun faɗi, ina ga ɗakin tsohuwar da ke ƙasa da etaj ɗinka?

Abu na gaba ba a auna shi da mita, shi ne ido. Gidan Bahaushe ɗakunansa kaɗan ne, rayuwarsa a tsakar gida take. Nan ake daka, nan ake wanka a bayan ɗan shinge, nan ake kwana da bazara in zafi ya haura digiri 40. Katanga da zaure ke tsare wannan rayuwa. Taga ɗaya a hawa na huɗu ta isa ta rushe katangun gida goma ba tare da ta taɓa tubali ko ɗaya ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da sanin haka. Ibnur Rami, magini ne a birnin Tunis wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rasu wajen 1334, ya bar littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Ƙa'idar da anka ɗora komai a kanta ita ce hana cutarwa: kana da ikon tada gininka, amma ba ka da ikon buɗe tagar da ke kallon iyalin maƙwabci, ko sako ruwanka cikin gidansa. Har gwaji gare su, a sa gado ƙarƙashin taga mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan wani a toshe ta. Ko ladan ba su ƙyale ba, sun tattauna hasumiyar da ke leƙa gidaje. Wannan fikihun shi malamanmu ke karantarwa a zaure, daga Tawa har Sakkwato. Takardar izinin gini daga meri ba ta ɗauke wa mutum wannan haƙƙi.

Wani zai ce ai duk wannan zancen laka ne, yanzu ga siminti, ga shi ma a Malbaza ake yinsa tun shekarun 1960, cikin jiharmu. Gaskiya ne, siminti da ƙarfe sun cire iyakar azara, sun kuma sirantar da bango. Sai dai sun zo da nasu haɗarin. Ginin laka in zai faɗi yakan yi gargaɗi, ya tsage, ya kumbura, ya zubar da yaɓe. Dal da anka rage wa ƙarfe ko anka cika wa yashi tana iya yin shiru shekaru, rana ɗaya ta sauko gaba ɗaya. Ran 1 ga Nuwamba 2021 gini mai hawa 21 da ake cikin aikinsa ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 sunka mutu, a unguwar masu kuɗi, ba a lungun talakawa ba. A wajenmu abin da ya fi yawa shi ne a zuba harsashin hawa biyu, kuɗi su ƙaru, a ɗora na uku da na huɗu ba tare da an koma wajen injiniya ba. Sannan a hau da shato. Lita dubu na ruwa tan guda ce, shato mai lita 5,000 tan biyar ke nan zaune a kan rufin da ba a yi lissafinsa da ita ba.

Akwai kuma abin da ba a tunawa sai an tare. Wa zai hau? Gidan da ya wuce hawa huɗu yana bukatar na'urar hawa, ita kuma tana bukatar wutar da ba ta yankewa. Duk mun ga abin da ya faru a Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Famfon da ke tura ruwa sama shi ma wuta yake ci. Hajiyar da anka gina gidan don a huta da ita, gwiwarta ba za ta kai hawa na biyar ba, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin dal a watan Afrilu murhu ne.

Ba ina cewa a bar tsofaffin unguwanni su zauna yadda suke ba. Gari na ƙaruwa, gado na rarrabuwa, in ba a tashi sama ba gonakin bakin gari ne za su tafi. Akwai waɗanda sunka nemi hanyar tsakiya. A 2016 Mariam Kamara, ƴar ƙasar nan, da abokan aikinta sunka gina Niamey 2000 a Yamai: gidaje shida masu hawa biyu a fili ɗaya, da tubalin ƙasa da anka matse da inji, kowane gida da ƴar tsakar gidansa da wurin shan iska da ido ba ya kaiwa. A 2018 ita da Yasaman Esmaili sunka gama ginin Hikima a Dandaji, nan Adar, inda tsohon masallaci ya koma ɗakin karatu, sabo ya tashi a gefensa da ƙasar wurin, tare da maginan yankin.

Da mutuminmu zai saurare ni, ga abin da zan ce mai. Ya je filin ranar da ake ruwa ya ga inda yake shiga da inda yake fita, kafin ya kira mai zane. Ya zauna da maƙwabcin ƙasa da na sama a gaban mai unguwa, tun ba a sauke yashi ba. Ya biya injiniya ya haƙa ya duba ƙasa, ya faɗa mai iyakar hawan da yake nufi har da shato, kuma ya tsaya a nan. Ni a ganina hawa uku sun isa filin ga. Gangaren ma ya zama abokinsa: wajen kwari a yi shaguna ko wurin ajiya da dutsen Adar, wanda ba mu rasa ba, wajen tudu a buɗe ƙofar gida da zaure, tsofaffi su shiga ɗakinsu ba matakala. Hawan sama ya ja baya daga na ƙasa, kamar hasumiya, don lungu ya samu haske. Tagogin da ke fuskantar maƙwabta su zauna sama da kai, manyan su buɗe cikin gida. Rufi ya samu katangar da ta fi mutum tsawo, a kwana a kai da bazara ba a ga kowa ba. Ruwan rufi ya sauka cikin rijiyar ajiya, abin da ya yi saura ya bi magudanar da anka yarda da ita.

Mu kuma ɗalibai akwai namu aikin, kuma ba ya bukatar jari. Maginan da sunka san bambancin lakar tubali da lakar yaɓe, da yadda ake jiƙa makuba, da sunan kowace azara a ɗaurin guga, tsufa suke yi, yaransu sun koma buga birgi. Kalmomin nan ba su cikin littattafan da muke karantawa a jami'a, kuma kowace na ɗauke da dabarar da wani ya biya da faɗuwar ɗakinsa. Hutun da ke tafe, kowa ya nemi sarkin maginan garinsu ko tsohon da ke ɗora rumbu, ya gaishe shi da goro, ya buɗe rakodar salula. Ku tambaye shi sunan abu, sannan ku tambaye shi me ke faruwa in ba a yi shi ba. Ku rubuta yadda ya faɗa, da Adarancinsa, kada ku gyara mai baki. Ni zan ɗauki Afala da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wanda ya ɗauki Buza, ko Keita, ko Ilela, ya sanar da ƙungiya, mu haɗa abin da munka samo a fitowa ta gaba.